Asubar da na yi a gindin bishiyar Bodgaya

Ƙarfe huɗu da ƴan mintuna abokina ya ƙwanƙwasa min ƙofa, ni kuwa dama idona biyu don sanyi bai bar ni na runtsa ba. Duk wanda yace maka Indiya zafi ce zalla to bai taɓa kwana a jihar Bihar ƙarshen watan Disamba ba, sanyi ne mai shiga har ɓargo, ga hazo fari fat kamar na hunturun gida sai dai nasu jiƙaƙƙe ne babu ƙura a ciki, in ka jima a waje sai ka ji gashin idonka ya yi laima. Na yi alwala da ruwan da na roƙa aka ɗumama min tun dare a fulas, na sa safa biyu, na ja bargon masauki na yafa, na fito. A bakin ƙofa na tarar da Amme, mahaifiyar abokin nawa, har ta shirya tsaf cikin fararen kaya daga sama har ƙasa, tana riƙe da furen bado guda uku da ta saya jiya da yamma, ta kwana tana yayyafa musu ruwa kar su yi yaushi.

Bari in koma baya kaɗan don a gane abin da ya kai Bahaushe musulmi wannan wuri, wato Bodgaya, garin da mabiya addinin Buda ke zuwa ziyara. Karatu nake a wata jami'a da ke gefen Delhi, ɗakinmu ɗaya da wani yaro ɗan Sirilanka mai bin addinin Buda, shekara biyu muna tare ko sau ɗaya bamu taɓa sa-in-sa ba. Macan yake ce min nima nake ce masa, a wajensu kamar kace mutumina ne. In na tayar da sallah shi ke kashe sautin wayarsa, da azumi kuwa baya cin abinci a gabana duk da na sha ce masa ba komai. Bayan daminar bara zazzaɓin dengi ya kwantar da ni warwas, kwana shida ina asibiti, yaron nan shi ya kwana a kan kujera, shi ya riƙa ɗaga wayar Inna yana ce mata lafiya lau, lafiya lau, don iyakar Hausar da na koya masa kenan. To da ya zo min da maganar cewa mahaifiyarsa za ta zo ziyara Indiya tare da ayarin tsofaffin garinsu, gwiwa kuma ta matsa mata, yana so in raka shi mu kama mata, ban ga bakin da zan ce a'a da shi ba. Duk da haka kwana biyu ina juya abin a raina. Daga baya nace masa zan je da sharaɗi, ba zan rusuna wa komai ba, ba zan ajiye fure ba, ba zan shiga ɗakin da gunki yake ba, rakiya ce kawai da ganin ido. Yace macan ai ko kace za ka yi ni zan fara hana ka.

Daga Delhi zuwa Gaya kusan kilomita 1,000 ne, jirgin ƙasa na dare muka shiga, hazo ya sa ya riƙa jan ciki yana tsayawa a tsakiyar gonaki, mu da ya kamata mu sauka da safe sai bayan azahar. Daga tasha muka ɗauki adaidaita sahu, tafiyar ba ta kai kilomita 20 ba. Hanyar tana bin gefen kogin Falgu, wanda a lokacin yashi ne shimfiɗe sai ɗan siririn ruwa can tsakiya, sak kogunanmu da rani, har da shanu a kwance da yara na wasa, sai dai su kurket suke bugawa.

Bodgaya ƙaramin gari ne amma duniya ce a cikinsa. Kusan duk ƙasar da ke da mabiya Buda ta zo ta gina nata gidan ibada da irin ginin garinsu, ga na Tailan mai rufi kamar zinariya, ga na Butan da aka zane ko'ina da launi, ga na Jafan shiru ba ado, ga na Bama, na Biyetnam, na ƴan Tibet. Akwai wani ƙaton mutum-mutumin Buda mai tsawon ƙafa 80 da aka buɗe a 1989, daga nesa kake hango kansa. A tsakanin waɗannan gine-gine kuwa talauci ne a fili, mabarata jere a bakin hanya cikin wannan sanyin, yara ba takalmi suna bin baƙi da fure. Abin da ya fi ɓata min rai masu tsuntsaye a keji ne, baƙo ya biya kuɗi a saki tsuntsu wai ya samu lada, alhali ba don masu biyan ba da ba a kamo su ba tun farko. Abokina ma yace malamansu da yawa suna hana wannan.

A masaukin ƴan Sirilanka muka samu Amme. Amme shi ne yadda suke kiran uwa, nima na bi bakinsa. Ƴar ƙaramar tsohuwa ce ta haura 70, ta kama hannuna da hannu biyu tana cewa puta, puta, wato ɗana, don ɗanta ya gama ba ta labarina tun tuni. Muka zauna shan shayi a ɗan kofin ƙasa irin wanda ake sha a yar, da wani abu da Gaya ta yi suna a kansa wai shi tilkut, riɗi ne da mazarƙwaila aka kirɓa, ina ɗanɗanawa nace wannan ai kantu ne. Nan ta ba ni labarin yana fassara min. A cewarsu sunansa Sidarta Gotama, ɗan sarauta ne daga ƙabilar Sakiya, an haife shi a Lumbini da ke Nepal ta yau wajen ƙarni biyar kafin Annabi Isa alaihissalam. Ubansa ya killace shi cikin daula don kar ya ga wahala, sai wata rana ya fita ya ga tsoho, ya ga mara lafiya, ya ga gawa, ya kuma ga wani mai gudun duniya. Yana da shekara 29 ya bar gida da mata da ɗa, ya yi shekara shida yana azabtar da kansa da yunwa har ya kusa mutuwa, sai wata mata mai suna Sujata daga ƙauyen da ke hayin kogin nan ta ba shi shinkafa da madara ya ci, ƙarfinsa ya dawo, ya zo ya zauna a gindin wata bishiya yace ba zai tashi ba sai ya gane asalin wahalar ɗan Adam. Sun ce da ketowar alfijir ya farka, ma'anar kalmar Buda kenan, wanda ya farka. Shi ya sa asuba take da girma a wajensu a wannan wurin, shi ya sa tace ko da rarrafe ne sai ta isa kafin gari ya waye.

Sai na tambaya yaya aka yi ta zo. Yace shekara tara tana zubi. Suna da wani abu wai shi situ, mata su haɗu kowa ta zuba duk wata, a kwashe a ba mutum ɗaya. Nace macan adashe kenan. Na yi shiru don Inna ce ta faɗo min a rai, ita ma shekara nawa kenan tana zubi da kuɗin ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, duk shekarar da ta ga kamar ta kusa sai kuɗin kujera ya ƙara gudu ya bar ta.

To mu dawo asubar. Muna tafe a hankali, ni a hagunta shi a damanta, fitilun titi sun zama kamar ƙwai a cikin hazo, kana jin takun mutane da tari kafin ka gan su. Ƙarfe biyar ake buɗe ƙofa amma mun tarar da layi. Kafin ka shiga sai ka ba da wayarka a wani kanti a ba ka lamba, ba a shiga da waya ko kaɗan, sannan a caje ka har sau biyu, maza daban mata daban. Dalilin shi ne ranar 7 ga Yuli 2013 an tayar da bama-bamai a cikin harabar da sassafe irin wannan lokacin, mutane suka jikkata har da malamansu biyu, a 2018 kotu ta yanke wa mutum biyar ɗaurin rai da rai, kuma da sunan Musulunci suka yi abin. Da ɗan sandan ya laluba aljihuna ya zaro carbi ya ɗaga kai ya kalle ni sai na ji wani nauyi a ƙirji. Mu da muka saba a caje mu a ƙofar masallacin Juma'a mun san abin da ake nufi da a zo a kashe mutum a inda yake ibada. Bai ce komai ba, ya miƙo min abuna yace in wuce.

Ana cire takalmi. Daɓen dutsen nan kamar ƙanƙara, safa biyu ba su yi min maganin komai ba, ita kuwa Amme cire tata safar ta yi ta cusa a jaka. Wurin a kwari yake, sai ka sauka matakala, kana sauka hasumiyar gidan ibadar tana fitowa daga cikin hazo kaɗan-kaɗan, mai kusurwa huɗu tana tsukewa tana sama, ta haura mita 50, da ƙanana huɗu a kusurwoyinta, fitilu na haska ta daga ƙasa amma kanta ya ɓace a sama sai ɗan ƙyallin zinariyar da mutanen Tailan suka lulluɓe ƙolin da ita a 2013. Mahabodi suke ce mata. Da gasasshen tubali aka gina ta tun wajen ƙarni na 5 zuwa na 6, amma kafin ita sarki Ashoka ne ya fara gina wurin ibada a nan ƙarni uku kafin Annabi Isa, shi ne sarkin da zakunansa ke jikin takardar rufi, kuɗin Indiya da muke kashewa kullum. Daga baya wurin ya zama kufai ɗaruruwan shekaru, ƙasa da yashin ambaliya suka binne gindinsa, sai a shekarun 1880 zamanin Turawan Ingila aka tone aka gyara a ƙarƙashin wani Bature Alexander Cunningham, shi ya sa yake a rami. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2002. Su biyun suka shiga ciki ajiye fure, ni na tsaya a waje ina jiran su kamar yadda muka yi alkawari.

Bishiyar a baya take, ta yamma da hasumiyar. Wallahi da na gan ta abin da ya fara zo min shi ne durumin ƙofar gidan mai unguwarmu, dangi ɗaya ne da su durumi da ceɗiya da gamji, ganyen mai faɗi da ɗan dogon wutsiya siriri a ƙarshe. Fifal ake ce mata da Indiyanci. Ta baje rassa ko'ina, wasu an tokare su da ƙarafa don kar nauyi ya karya su, gindin kuma an zagaye shi da shinge ba mai taɓawa, a tsakaninta da bango akwai wani faifan dutse da Ashoka ya sa a inda suka ce nan ya zauna. Ba ita ce ta asalin ba, wadda ta gabace ta guguwa ta kayar a 1876 aka dasa wannan a 1881, sun ce jikanyar ta farko ce. Abokina ya raɗa min cewa ƴar Ashoka mai suna Sangamita ta kai reshen ta asalin Sirilanka aka dasa a Anuradafura, tana nan da ranta har yau fiye da shekara 2,000, kuma tun Amme tana yarinya ake kai ta can ana ce mata uwar wannan tana Indiya.

Da muka zagayo kwanar ta ɗaga kai ta ga rassan sai ta saki hannuna. Ta tsaya ƙiƙam, ta haɗa tafukanta a goshi, bakinta na rawa tana cewa sadu, sadu, sadu, hawaye na bin kumatunta bata ko share ba. Ni na san ba imaninmu ɗaya ba, kuma ba zan ce wannan da wancan ɗaya ba ne, Allah Ya tsare. Amma fuskar nan na san ta. Ita ce fuskar da kakata take yi duk sanda ta zo daidai wurin da take ba mu labarin ranar da idonta ya fara sauka a kan Ka'aba, sai maganar ta tsaya mata a wuya. Na kau da kai don nima idona ya kawo ruwa.

Muka shimfiɗa mata ɗan matashi ta zauna da ƙyar saboda gwiwar, ta lanƙwashe ƙafa gefe guda, ta ɗora hannun dama a kan na hagu, ta rufe ido. Ni na ja baya na samu wani dakali na zauna na ƙudundune a bargo inda zan riƙa hango ta. Daga nan na ƙare wa wurin kallo. Mutane ne ɗaruruwa amma ba hayaniya irin ta kasuwa, wani irin gunji ne ƙasa-ƙasa kamar na zuma, kowane ayari na karatunsa da harshen Pali ko na Tibet, murya kan murya. Malamansu da ake ce wa biku suna nan kai a aske, wasu mayafi ruwan goro wasu ja mai duhu wasu toka-toka, daga launin kake gane ƙasar mutum. Wasu sun kafa ƴan ƙananan gidan sauro suna zaune a ciki kamar an dasa su. Masu zagaye suna tafe a hankali sun sa hasumiyar a damansu. Can gefe a kan ciyawa ƴan Tibet ne jere kowa da dogon allon katako, mutum ya miƙe tsaye, ya durƙusa, ya sulale rub da ciki hannu a gaba, ya tashi ya sake, katakon har ya yi santsi don gogayya, ance akwai masu cika 100,000 kafin su koma gida, wata da watanni suna abu ɗaya. Karnuka na kwance a tsakanin mutane ba mai korar su. Ƙamshin turaren tsinke ya cika ko'ina.

A jirgi na tambayi abokina wai me kuke yi ne in kun rufe ido, addu'a ce? Yace a'a, bawana suke ce masa, ba roƙo ba ne. Ka miƙe bayanka, ka ajiye hankalinka a ƙofar hanci, iska ta shiga ka san ta shiga, ta fita ka san ta fita, shi kenan. Nace shi kenan? Yace gwada ka gani. Malamansu na misali da ɗan maraƙin da aka raba da uwa aka ɗaure a turke, zai yi ta fizga yana tsalle yana kuka, kai dai kar ka dake shi kar kuma ka kwance igiyar, in ya gaji da kansa zai kwanta a gindin turken. Numfashin ne turken.

Ni ban yi nasu ba, ina da nawa. Na zaro carbi nace bari in yi istigfari ɗari kafin a kira sallah, tun da ba waya ba abokin hira. Abin da na gani a kaina a wannan zaman shi ya sa nake rubuta wannan labarin. Ban kai goma ba zuciyata ta tafi kan canjin naira da rufi. Na dawo da ita. Kafin ashirin tana ofishin sabunta biza. Na dawo da ita, ta tafi kan babi na uku na aikina da malami ya maido min, daga nan ta tsallaka gida kan rufin ɗakin Inna da ke yoyo, daga nan kan wata magana da wani ya faɗa min shekara huɗu da suka wuce wadda na ɗauka na manta. Sau uku hannuna na kai wa aljihu neman wayar da na san na ba da ajiya. Yatsuna na jan carbi, bakina na motsi, ni kuwa bana wurin. Sai tsoro ya kama ni, don na gane ba yau abin ya fara ba, yau ne dai na samu shirun da zan gan shi. Haka nake sallah kenan. Haka nake tsayawa gaban Ubangijina sau biyar a rana ina lissafin kuɗi. Na tuna hadisin da aka karantar da mu a islamiyya cewa mutum zai idar da sallah ba a rubuta masa komai ba sai ɗaya bisa goma ɗinta, ko ɗaya bisa tara, har zuwa rabi, muka haddace muka ci jarrabawa da shi, ban taɓa jin ya taɓa ni ba sai a kan wannan dakalin. Na ɗaga kai na kalli tsohuwar nan mai ciwon gwiwa, ƙafa ba safa, ko gezau.

Na sake farawa daga ɗaya, a hankali, kowace astagfirullah sai na ji ma'anarta kafin in saki ƙwayar. Wani tsoho ɗan Tibet da ke kusa da ni yana jan nasa carbin mai ƙwaya 108 ya kalli nawa, ya ɗaga nasa ya yi murmushi ba haƙori, nima na yi masa, kowa ya koma kan abinsa.

Ina cikin haka sai ga kiran sallah ya ratso hazo ya tsallako katanga. Akwai masallaci dab da harabar, jiya na yi magariba da isha a can, amma ban zaci muryar za ta shigo har gindin bishiyar haka raɗau ba. Assalatu khairun minan naum. Tsigar jikina ta tashi. Na duba ko zan ga wani ya yamutsa fuska, ba ko ɗaya, masu karatu na karatunsu ladan na kiransa. Na taɓa kafaɗar abokina na nuna masa waje, ya gyaɗa kai. Na hau matakala na ɗauki takalmina na fita. Mutanen nan Hanafawa ne, suna jinkirta asuba sai gari ya fara haske, don haka na samu lokaci na yi raka'atal fajri na zauna jira a cikin sahun masu shayi da masu tura keke da ƴan tireda, kowa ya naɗe kai da mayafi sai ido. Liman ya karanta sura mai ɗan tsawo. Ba zan ce zuciyata bata motsa ba ko sau ɗaya, ta motsa, amma duk sanda ta fita ina ganin fitarta in jawo ta, kuma rabon da in yi raka'a biyu ina jin abin da ake karantawa haka har na manta. Da aka sallame sai Baba ya faɗo min, Allah Ya jiƙansa. Shi baya tashi daga kan buzunsa bayan asuba sai rana ta fito, yana fuskantar gabas da carbinsa, in ka zo da magana sai ya ɗaga maka hannu kawai. Muna yara muna ganin kamar gyangyaɗi yake. Ashe muna da wannan zaman a gidanmu, a zaurenmu, ni ne na bar shi.

Na sake bin layi aka sake caje ni na koma. Gari ya fara fari, tsuntsaye sun tashi a cikin rassan da surutu. Amme tana nan yadda na bar ta, fiye da awa guda kenan. A kusa da dakalina wani ayari daga Bama ya zo ya zauna da malamansu, kuma ba zan ɓoye ba zuciyata ta ƙuntata, don ba na iya ganin wannan mayafin daga wannan ƙasar ban tuna ƴan Rohinga ba, sama da mutum 700,000 da aka kora zuwa Bangaladash a 2017, kuma akwai masu irin wannan shigar da suka hura wutar. Na jima da wannan a raina. Sai kuma na tuna ɗan sandan da ya riƙe carbina ɗazu, shi ma yana da abin da zai iya tunawa da ya kalle ni, ya miƙo min abuna. Na gyara zama na matsa musu.

Iska ta ɗan kaɗa sai ga ganye ɗaya ya taho yana juyi ya sauka a kan bargona, daidai gwiwa. Dokar wurin ba a tsinka, sai wanda ya faɗo da kansa, kuma na lura tun ɗazu da yadda mutane ke bin kowane ganye da ido, har da manyan malamai, in ya faɗi a yi wuf a ɗauke. Mutum wajen biyar suka juyo suna kallona. A wajena ganye ne kamar na kowane itace, baya amfanarwa baya cutarwa. Na ɗauke shi na riƙe a tafin hannu har sanda Amme ta buɗe ido ta fara neman yadda za ta miƙe, muka kama ta ni da ɗanta, ƙafar ta yi tsami sai da ta daɗe a tsaye tana dafe da ni. Sannan na buɗe hannu na miƙa mata. Ta kalli ganyen ta kalle ni, ta karɓa da hannu biyu ta naɗe a farin hankici ta cusa a ƙirji, ta ɗora tafinta a kaina tana magana da yarensu. Nace macan me tace? Yace cewa ta yi ita ma taka uwar ta isa inda take son isa. Nace amin.

Sauran wuraren da sauri muka bi su don ta gaji. Sun ce ya yi mako bakwai a nan bayan farkawarsa, kowane mako da wurinsa, akwai inda ya tsaya yana kallon bishiyar, akwai wani dogon dakali ta arewa mai furannin dutse inda ya riƙa kai da komo, akwai tafkin da suka ce sarkin macizai ya yi masa laima daga ruwan sama. Abokina ya dage sai ya ba ni labarin mutumin ƙasarsu Anagarika Darmafala, wanda ya zo nan a 1891 ya tarar wurin ba a hannun mabiya Buda yake ba ya sha alwashin ƙwato shi, aka yi ta shari'a har ya mutu bai gani ba, sai a 1949 aka yi dokar da ta raba kwamitin kula da wurin tsakaninsu da Hindu, kuma har yau suna ƙorafi a kan rabon. Gobe ayarinsu zai wuce Sarnat kusa da Banaras inda ya fara wa'azi, daga nan Kushinagar inda ya rasu yana da shekara 80, sannan Lumbini.

Wajen ƙarfe takwas na karɓi wayata. Na so in kira gida nan take sai na tuna Indiya na gaban Najeriya da awa huɗu da rabi, can ƙarfe uku da rabi ne na dare. Na sa ta a aljihu ban buɗe komai ba. Muka sha shayi, na sayi tilkut ƙunshi biyu, na raka su masauki, na dawo bakin kogi na zauna a kan yashi rana na ɗumama min baya har goma da rabi, lokacin na san ta idar tana kan dadduma. Bugu biyu ta ɗauka. Na gaishe ta, tace ɗan nan lafiya da sassafe haka, nace lafiya lau Inna, tambayarki zan yi, nawa ya rage a kuɗin kujerar nan? Ta yi shiru, tace me ya kawo wannan maganar, kai da ke karatu. Nace ki dai faɗa min. Tace bari in ɗauko littafin, kar ka kashe. Na ji ta ajiye wayar a kan tabarma, na ji ƙarar murfin akwatinta, can nesa zakaran gidanmu na cara.